Darasi: Hutun Haihuwa Idan Ciki Ya Sake Zuwa

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. faɗin abin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya mai juna biyu;
2. bayyana ko haihuwa ta biyu ko ta uku tana rage wannan haƙƙi;
3. rarrabe abin da doka ta wajabta da abin da wurin aiki ya ƙara don kansa;
4. lissafa kuɗin da ya kamata a biya mace a lokacin hutu;
5. sanin inda ake kai kuka idan an tauye haƙƙi.

1. Inda maganar take tasowa

Haihuwar fari ba ta cika jawo gardama a wurin aiki ba. Ana yi wa mace barka, abokan aiki su haɗa gudummawa, a je suna. Ta biyu ce ke zuwa da magana, musamman idan ta zo kusa da kusa: mace ta dawo aiki da goyo, kafin a yi maganar yaye wani cikin ya shiga, abin da mata ke kira kunika. A nan ne za ka ji mai wurin aiki yana cewa, "Haba Malama, ba bara kika tafi ba?" Wani ma ya ce hutun sau ɗaya ake bayarwa a shekara biyu, ko kuma daga haihuwa ta uku babu shi.

A cikin irin waɗannan maganganu akwai mai tushe, akwai marar tushe. Ba za a gane wace ce wace ba sai an fara sanin abin da doka ta rubuta.

2. Abin da doka ta rubuta

Dokar Ƙwadago tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004, a babi na L1. Sashe na 54 shi ne ya yi magana a kan haihuwa, kuma ya shafi macen da ke aiki a masana'anta, ko kamfanin kasuwanci, ko harkar noma, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Ga abin da ya tanada.

Idan likita mai rajista ya ba mace takarda cewa ana sa ran haihuwarta cikin mako 6, tana da ikon barin aiki daga ranar. Wannan zaɓinta ne. In ta ga tana da ƙarfi, tana iya ci gaba da zuwa.

Bayan ta haihu kuwa, babu zaɓi. Doka ta hana a sa ta aiki har mako 6, wato kwana 42, kusan daidai da arba'in ɗin da mai jego ke yi a gida. Ko ita ce ta roƙa a bar ta ta dawo, mai wurin aiki ba shi da ikon karɓa.

Idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a jere a wurin kafin tafiyarta, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba a duk tsawon hutun.

Idan ta dawo tana shayarwa, za a ba ta rabin awa sau biyu a rana, cikin lokacin aiki.

Ba a ba ta takardar sallama tana cikin hutu, ba a kuma ba ta takardar da wa'adinta zai cika tana cikin hutu. Wannan kariya ta haɗa da ƙarin kwanakin da ta yi saboda ciwon da likita ya tabbatar daga cikin ne ko daga haihuwar.

Abu ɗaya da sashen ya sauke wa mai wurin aiki shi ne kuɗin asibiti. Awo, magani, tiyata idan ta kama, doka ba ta ɗora masa ko ɗaya ba, sai in shi ya ɗauka a yarjejeniya.

> Kalmomi masu muhimmanci
> Hutun haihuwa: kwanakin da ma'aikaciya ke yi a gida kafin haihuwa da bayanta, alhali aikinta yana nan yana jiran ta.
> Takardar likita: shaidar da likita mai rajista ya sa wa hannu, mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa.
> Aiki a jere: zama ma'aikacin mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba tare da yarjejeniyar aiki ta yanke ba.

3. Doka ba ta ƙirga haihuwa

A sake karanta abin da ke sama da kyau. Babu inda aka ce "haihuwar fari", babu inda aka ce "sau biyu", babu inda aka sa tazara tsakanin wannan ciki da wancan. Sashe na 54 ya ce "mace" ne kawai. Ma'anarsa, duk cikin da ya zo da nasa haƙƙin yake zuwa. Mai haihuwa ta biyar da mai ta fari duk mako 12 ne, shida kafin, shida bayan.

Haka kuma dokar ba ta tambayi matsayin auren mace ba, domin ta fayyace cewa "ɗa" a wannan sashe ya haɗa da wanda aka haifa da aure da wanda ba a haifa da aure ba. Ba ta kuma sharɗanta sai jariri ya rayu ba. Wadda ta haihu, Allah Ya karɓi abinsa, jikinta na mai jego ne, mako shidanta suna nan.

Likitoci suna ba da shawarar tazarar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Shawara ce mai kyau ga uwa da ɗa, amma shawarar lafiya ce. Shugaban wurin aiki ba shi da hurumin mai da ita sharaɗin hutu, kuma kunika ba laifin aiki ba ce.

4. Sharaɗin wata shida

Hutu daban, kuɗin hutu daban. Wadda ta fara aiki watan jiya ma tana da hutu. Abin da wata shida ke buɗewa shi ne rabin albashi. A haihuwa ta biyu, tambayar da ake yawan yi ita ce: shin hutun farko ya katse lissafin, sai an fara ƙirga daga ranar da ta dawo?

Abin da doka ta nema shi ne mace ta kasance ma'aikaciyar wurin a jere. Wadda ke hutun haihuwa ba ta bar aiki ba. Sunanta yana cikin rajista, ba a sallame ta ba, doka ma ta hana a sallame ta. Don haka fahimtar da ta fi dacewa da lafazin sashen ita ce hutun farko bai yanke komai ba.

Ko da wani ya dage a ƙirga daga ranar dawowa, lissafi ba ya goyon bayansa. A ce mace ta dawo bayan mako 6, kuma a makon ta sami ciki. Ciki wata tara ne. A cire mako shidan ƙarshe da za ta tafi hutu, saura fiye da wata bakwai tana aiki. Wata shida ya cika da kansa.

To, ina hatsarin yake? Yana wurin yankewar aikin kansa. Akwai wuraren da ake ce wa mace, cikin fara'a, "Ki rubuta takardar ajiye aiki kawai, in kin yi arba'in sai mu sake ɗaukar ki." Wannan magana tana da daɗin ji, amma wadda ta rubuta ta zubar da shekarunta na baya, ta zubar da rabin albashin hutun, ta zubar da kariyar da ke hana kora. In an sake ɗaukar ta, sabuwar ma'aikaciya ce. In ba a ɗauke ta ba, da hannunta ta sa hannu. Haka ma wadda ke kan kwantiragin wata uku-uku da ake bari ya ƙare, a tsallake mako biyu, sannan a sabunta. Irin wannan tsari yakan jefa mace cikin gardamar ko aikinta a jere yake, don haka ta adana kowace takardar sabuntawa da kowace shaidar biyan albashi.

*Misali na 1.* Wata mai ɗinki a masana'antar tufafi tana karɓar naira 80,000 a wata. Ta fara aiki a Janairun 2022, ta yi hutun farko daga Maris zuwa Mayun 2023, sannan ta kawo takardar likita ta biyu a Afrilun 2024. Aikinta bai taɓa yankewa ba. Don sauƙin lissafi mu ɗauki mako 12 a matsayin wata 3. Rabin 80,000 shi ne 40,000. A ninka sau 3, ya zama naira 120,000. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a biya ta, daidai da na hutun farko.

*Misali na 2.* Wata mai shirya kaya a babban kanti ta yi shekara uku a wuri guda, ta haihu a can, sannan ta koma wani kantin da ƙaramin ciki. Bayan wata 4 lokacin hutu ya yi. Hutun mako 12 nata ne, kuma ba za a sallame ta a cikinsa ba. Amma doka ba ta tilasta wa sabon kantin biyan ta ba, saboda shekaru ukun na wani ne. Mai shirin sauya wurin aiki da ciki ta yi wannan lissafi tun kafin ta ajiye na hannu.

5. Abin da wurin aiki ya ƙara

Wurare da yawa suna ba da fiye da abin da doka ta ce: cikakken albashi maimakon rabi, wata huɗu ko shida maimakon uku. A wannan ƙarin ne ake samun sharuɗɗa irin su "sau ɗaya a shekara biyu" ko "ga haihuwa biyu na farko".

Mai awon hatsi a kasuwa yana iya yi maka gyara yau, gobe ya hana, ba ka da ta cewa. Amma ba shi da ikon tauye mudu. Abin da doka ta wajabta shi ne mudun, abin da kamfani ya ƙara shi ne gyara. Da sharaɗi ɗaya: ƙarin da aka riga aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ya zama alkawari, ba a janye shi don an ga ciki na biyu.

Misali mafi bayyana shi ne na Jihar Legas. A 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar ta ba ma'aikatanta mata hutun wata 6 da cikakken albashi, amma ga haihuwa biyu na farko kaɗai. Daga ta uku sai a koma mako 12. A lura da inda aka tsaya: daidai kan mako 12, ba a sauka ƙasa da shi ba. Jihar Kaduna ma ta amince da hutun wata 6 ga ma'aikatanta mata a 2019, don uwa ta sami damar shayar da nono zalla na wata shida. Gwamnatin Tarayya kuwa ta ɗaga hutun ma'aikatanta daga mako 12 zuwa 16 da cikakken albashi, kuma an sabunta kundin ƙa'idojin aikin gwamnati a 2021, don haka ma'aikaciyar tarayya ta nemi bugun da ake aiki da shi yanzu, kada ta dogara da tsohon da ke cikin durowar ofis.

Maza ma suna da rabo, kuma nasu ne aka fi yi wa iyaka. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 na aiki ga ma'aikacin gwamnatin tarayya da matarsa ta haihu. Sanarwar da ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar a 2022 ta ce ba zai wuce sau ɗaya a shekara biyu ba, kuma ga 'ya'ya huɗu kaɗai. Mai mata biyu da suka haihu a shekara guda, hutu ɗaya zai samu. An iya sa wannan iyaka ne domin Dokar Ƙwadago ba ta tanadi hutun uba ba ko kaɗan. Gaba ɗayansa ƙari ne. Wasu shugabanni sukan ji wannan ƙa'ida ta shekara biyu su ɗauka har da mata, daga nan ruɗani yake farawa.

> Kalmomi masu muhimmanci
> Mafi ƙarancin haƙƙi: abin da doka ta wajabta, wanda yarjejeniya ba ta iya ragewa.
> Tsarin wurin aiki: ƙa'idojin da kamfani ko hukuma ta rubuta wa ma'aikatanta, yawanci a ɗan littafi ko a takardar sanarwa.
> Takardar ɗaukar aiki: takardar da ke ɗauke da sharuɗɗan aiki. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.

*Misali na 3.* Wani kamfanin sarrafa shinkafa ya rubuta cewa yana biyan cikakken albashi na wata 3, sau ɗaya a cikin shekara biyu. Wata ma'aikaciya mai albashin naira 100,000 ta karɓi 300,000 a hutun farko. Bayan wata 15 wata haihuwar ta matso. Ta shiga ofishin jami'ar kula da ma'aikata.

"Hajiya, ina kwana? Na kawo takardar likita ne."

"Lafiya lau, ƙanwata. Allah Ya raba lafiya. Sai dai kin san shekara biyu ba ta cika ba."

"Na sani, ranki ya daɗe. Cikakken albashi ba nawa ba ne wannan karon. Rabin da doka ta ce nake nema, da mako goma sha biyuna."

Ma'aikaciyar ce ke da gaskiya. Kamfani yana iya riƙe ƙarinsa, amma sai ya biya 50,000 sau 3, wato naira 150,000. Hana ta hutun gaba ɗaya, ko ba ta shi babu ko kwabo, karya doka ne.

Wani abin dubawa a tsarin wurin aiki shi ne hutun shekara. Wurare da dama suna haɗa shi cikin hutun haihuwa, ta yadda wadda ta riga ta ci hutun shekararta za a cire mata kwanakin. A tambaya tun da wuri. Haka nan a tambaya ko za a yarda a tara makonnin kafin haihuwa a mai da su baya. Mata da yawa sun fi son haka, wurare da yawa suna yarda, amma doka ba ta tilasta ba: wadda ta yi aiki har ranar naƙuda, shida na baya kaɗai doka ta tabbatar mata.

Ɓari kuma ba a ambace shi a sashe na 54 ba. Wadda ya same ta ta karɓi takardar likita ta nemi hutun rashin lafiya. Sashe na 16 ya tanadi har kwana 12 na aiki a shekara da albashi.

6. Waɗanda sashen bai rufe ba

A nan dokar tana da giɓi, kuma babba ne. Sashe na 91 ya taƙaita ma'anar "ma'aikaci", ya cire masu aikin gudanarwa, da na shugabanci, da na fasaha, da na ƙwararru. Manaja a banki, lauya, likita, injiniya, haƙƙinsu yana cikin takardar ɗaukar aikinsu ne ko ƙa'idojin hukumarsu. 'Yar aikin gida ma ba ta shiga ba, tun da gida ba masana'anta ba ne. Ga kuma ɗimbin matan da ke aiki babu ko takarda ɗaya.

Duk da haka, ƙofa ba a rufe take ba. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk rigimar aiki, har da nuna wariya da rashin adalci a wurin aiki, tare da duba abin da ake yi a duniya. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda jinsi. Kotun ta taɓa yanke hukuncin cewa korar mace don tana da ciki wariya ce, ta kuma sa aka biya diyya.

Ma'aunin duniya shi ne Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, wadda ta ce aƙalla mako 14 da kashi biyu cikin uku na albashi. Dokarmu ta gaza a duka biyun, kuma a ganina rabin albashi ga mai jego a wannan tsadar rayuwa ya yi kaɗan. Dokar aiki ta Jamhuriyar Nijar ta 2012 kuwa ta ba da mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa.

7. Matakan da za a bi

Mace ta sanar a rubuce, ta haɗa da takardar likita, ta riƙe kwafi mai hatimin ofis ko sa hannun wanda ya karɓa. Maganar baki ba ta zama shaida ranar da aka musa. Kada ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba. In karatu yana yi mata wuya, ta tafi da ita gida a karanta mata.

Idan an hana, ta fara da wakilin ƙungiyar ƙwadago na wurin, in akwai. In abin ya faskara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharta, inda jami'ai ke kiran ɓangarorin biyu a yi sulhu. Bayan nan sai Kotun Ma'aikata, wadda ke da rassa a Abuja, Kano, Kaduna da wasu biranen. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa ƙarfi.

Shi kuma mai wurin aiki, sauƙinsa shi ne ya rubuta tsarinsa a fili tun kafin kowa ta sami ciki, ya nuna wanne ne na doka, wanne ne ƙarinsa, ya kuma yi wa kowace mace da ma'auni ɗaya.

Tambayoyin bita

1. Mako nawa sashe na 54 ya tanada kafin haihuwa, nawa bayanta? Wanne ne zaɓi, wanne ne dole?
2. Wani shugaba ya ce, "Daga haihuwa ta uku babu hutu." Me za a amsa masa?
3. Me wata shida na aiki a jere ke ba mace: hutu ko kuɗin hutu? Yi bayani.
4. Ma'aikaciya tana karɓar naira 70,000 a wata, ta shekara biyu a wurin, wannan haihuwarta ta biyu ce. Lissafa mafi ƙarancin abin da za a biya ta a wata 3.
5. Kawo abubuwa uku da mace ke rasawa idan ta rubuta takardar ajiye aiki maimakon neman hutu.
6. Yaya tsarin Jihar Legas na 2014 ya bambanta haihuwa ta biyu da ta uku? Me ya sa ya tsaya a mako 12?
7. Me ya sa aka iya taƙaita hutun uba ga 'ya'ya huɗu?
8. Ambaci rukuni biyu na mata masu aiki da sashe na 54 bai rufe ba. A ina za su nemi haƙƙinsu?
9. Aikin gida: rubuta gajeriyar takardar neman hutun haihuwa karo na biyu, mai ɗauke da ranar fara aiki, ranar da likita ya faɗa, da ranar dawowa.
10. Tattaunawa a aji: a wurin aikinku ko na wata 'yar uwa, me aka rubuta game da haihuwa ta biyu? Ku ware abin da doka ta wajabta daga abin da aka ƙara.